Kada A Yi Gaggawar Goge Windows: Martani Kan Kwamfutar Cikin Kwamfuta

Wani malami ɗan'uwa ya rubuta maƙala kwanakin baya yana kiran matasa su koyi babbar manhajar Linux, kuma a kan wannan kira ba ni da ja ko kaɗan. Dalilin da ya kawo ma mai ƙarfi ne. Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10, ita kuwa Windows 11 ta zo da sharuɗɗa: sai kwamfuta tana da guntun tsaron nan da ake kira TPM 2.0, kuma in masarrafarta ta Intel ce, galibi sai ta kasance daga zubi na takwas zuwa sama. Da yawa daga cikin laftof na hannu da ake sayarwa a shagunan Kano da Kaduna da Maraɗi ba su cika wannan sharaɗi ba, alhali lafiyarsu ƙalau. Linux za ta iya ƙara musu shekaru masu yawa na aiki. Har nan muna tare da Malam.

Inda muka raba gari shi ne hanyar da ya ɗora mai koyo a kai. Ya ce wanda yake son Linux da gaske ya yi wa kwamfutarsa fomatin ya ɗora ta kai tsaye, in kuma zuciyarsa ba ta iya ba, ya raba faifan ajiyarsa gida biyu, Windows a ɓangare ɗaya, Linux a ɗayan. Hanya ta uku, wato a buɗe Linux a cikin wata taga a kan Windows ta amfani da manhaja irin VirtualBox ko VMware, abin da masu sana'ar ke kira VM, ita ce ya yi wa kaca-kaca. Ya ce wasa ce, aikin gaske ba a nan ake koyonsa ba. Ya ce tana da nauyin da kwamfutocinmu ba za su ɗauka ba. Ya kuma ce muddin Windows na nan kusa da hannu, mai koyo ba zai taɓa mai da hankali ba. Shawarar da ya gina a kan waɗannan hujjoji za ta iya jawo wa wani asarar da ba mai iya mayar masa, shi ya sa na kasa yin shiru.

Mu fara da wanda zai karanta shawarar ya bi ta. Ba injiniya ba ne mai kwamfuta uku a kan tebur. Ɗalibi ne ko ɗaliba da laftof ɗaya tak, wadda wataƙila sai da aka yi karo-karo a gida kafin a saye ta. A cikinta akwai furojet ɗin kammala karatu da mai duba shi yake so a kawo masa a Word, akwai hotunan biki da na suna da ba su da kwafi a ko'ina, akwai takardun ƙani ko ƙanwa da suke aronta da dare. In yana taɓa harkar zane da buga katin biki, CorelDRAW ce hanyar abincinsa, ita kuwa ba ta aiki a kan Linux, haka ma AutoCAD ga ɗan sashen gine-gine. LibreOffice na buɗe takardun Word, gaskiya ne, amma duk wanda ya taɓa kai mata doguwar takarda mai tebura da lambobin shafi ya san yadda tsarin kan zame. Wannan shi ne mutumin da aka ce ya goge komai a darensa na farko, tun kafin ya san ko Linux ɗin za ta ga katin wayafai ɗin kwamfutarsa.

Batun wayafai ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne. Wasu katunan Broadcom da Realtek da ke cikin laftof masu arha ba sa tashi da kansu a kan Linux, sai an sauko musu da direba daga intanet. To ga mutum ya goge Windows, ga Linux ba ta ganin intanet, ga maganin matsalar yana cikin intanet. Wanda ya saba zai jona wayarsa da igiya ya fita kunya cikin minti biyar. Sabon shiga kuwa zai ɗauki laftof ya nufi shagon gyara da safe, a mayar masa da Windows, ya biya, ya kuma ɗauki alkawari a ransa cewa shi da Linux har abada. Mun yi asarar mai koyo kenan, kuma da hannunmu.

Raba faifai gida biyu da Malam ya kawo a matsayin sassauci, shi ma ba sassauci ba ne ga wanda bai taɓa yi ba. Dole ne a tsuke ɓangaren Windows a yanko wuri, kuma in wuta ta ɗauke ana tsakiyar wannan aiki a laftof da batirinta ya mutu, abin da ke kan faifan na iya lalacewa. A shafin girkawa, zaɓin share faifai gaba ɗaya yana zaune ne kusa da zaɓin zama tare da Windows, latsawa ɗaya ce tsakaninsu, kuma duka da Turanci. Akwai kuma BitLocker. Kwamfutoci da yawa na zuwa da faifansu a kulle da shi ba tare da mai ita ya sani ba, kuma taɓa tsarin tashin kwamfuta kan sa Windows ta nemi mabuɗin ceto mai lamba 48. Wanda ya sayi laftof ta hannu, ko wanda mai shago ya buɗe masa asusun Microsoft ya manta kalmar sirrin, ina zai samo wannan mabuɗi? Ko bayan komai ya tafi daidai, zaman manhajojin biyu a faifai ɗaya ba ya rasa gutsiri-tsoma. A watan Agustan 2024 wata sabuntawar tsaro ta Windows ta hana Linux tashi a kwamfutoci da dama masu irin wannan tsari, kuma Microsoft da kansa ya amsa cewa hakan ta faru. Har agogo ma sai ya rikice: Linux na ajiye agogon na'ura a kan lokacin duniya na UTC, Windows na ɗaukarsa a matsayin lokacin gida, don haka a Najeriya da Nijar, inda muke gaba da UTC da awa ɗaya, mutum kan dawo Windows ya tarar agogonsa ya kauce da awa guda. Dukkan waɗannan suna da magani, na sani. Amma magani ne da ake sani bayan an ƙware, shi kuwa wannan yanzu ya zo.

Kwamfutar cikin kwamfuta, wato VM, ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Faifanta fayil ne kawai a cikin wata jaka a Windows. In mai girkawa ya zaɓi share faifai gaba ɗaya, wannan fayil ɗin ya share, furojet ɗinsa na nan inda yake. Katin intanet da baƙuwar manhajar take gani na kwaikwayo ne, irin wanda kowace Linux ta sani, yana ɗibar intanet daga mai masaukinsa, wato Windows, ko wane irin katin wayafai ne a laftof ɗin. In ya gaji, ya goge fayil ɗin, shi ke nan.

Cewa wasa ce kuwa, tarihin fannin bai goyi bayan Malam ba. Tun a shekarun 1960 injiniyoyin IBM a Amurka suka gina tsarin CP-40 da CP-67, wanda ke raba babbar kwamfuta ɗaya ta zama kamar kwamfutoci da yawa, kowa da tasa, kuma a 1972 kamfanin ya fitar da VM/370 kasuwa. VMware ya kawo dabarar kan kwamfutocin tebur a 1999. Intel ya saka tallafinta a cikin masarrafarsa a 2005 da sunan VT-x, AMD ya biyo baya a 2006 da AMD-V. A 2007 aka shigar da KVM cikin ƙwayar Linux ita kanta, wato ita Linux ɗin da Malam yake kira a koya ta mai da wannan aiki wani ɓangare na jikinta. Sabobin da Amazon ya fara bayarwa haya ta intanet a 2006 kwamfutocin cikin kwamfuta ne, kuma akasarin abin da kamfanonin girgije ke bayarwa haya har yau su ne. Ranar da yaron nan da muke koya wa ya samu aikin kula da sabar wani banki ko wata ma'aikata, abin da za a fara miƙa masa VM ce. Umarnin da yake bugawa a ciki, tsarin fayiloli, izinin masu amfani, girka manhajoji, duba abin da ya lalace, babu bambanci ko na harafi ɗaya tsakaninsu da na Linux da ke zaune kai tsaye a kan ƙarfe.

Zancen nauyi shi ne wanda ya cancanci a zauna a kansa, domin akwai gaskiya a ciki, kuma na tabbata Malam ya faɗi abin da idonsa ya gani ne. Na sha ganin VM tana jan ƙafa har mutum ya ji haushi. Amma kusan duk lokacin da aka bincika, sai a tarar laifin na yadda aka kafa ta ne, kuma abubuwan da ake kuskurewa sanannu ne.

Na farko yana cikin BIOS. Laftof da yawa, musamman tsofaffin na ofis, suna zuwa da VT-x ko AMD-V a kashe. Ana ganewa cikin sauƙi: a buɗe Task Manager, a shiga shafin da ke nuna aikin masarrafa, a ƙasa akwai layin da ke faɗin ko an kunna ko ba a kunna ba. In a kashe yake, a sake tayar da kwamfutar a shiga BIOS, galibi da F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, a kunna shi, a ajiye, a fita. Wannan ba ya taɓa faifai, ko da yake mai BitLocker ya kyautu ya tabbatar mabuɗin cetonsa na hannunsa kafin ya taɓa komai a can.

Na biyu ya fi ɓuya, kuma shi ne nake zargin ya ba Malam mummunan zato. Windows na da nata tsarin na VM, Hyper-V, kuma wasu matakan tsaronta, irin wanda ake kira Memory Integrity, a kansa suke tafiya. In yana kunne, shi ke riƙe da VT-x, sai VirtualBox ta koma bin wata hanya ta bayan gida mai tsananin jinkiri. Ita da kanta tana sanar da kai: a ƙasan tagar, ta hannun dama, za ka ga hoton koren kunkuru. Duk wanda ya ga kunkurun nan ya san ba ƙarfin kwamfutarsa yake gani ba. Mafita biyu ce. Ko dai a kashe Hyper-V da abubuwan da ke kansa, tare da sanin cewa an rage wa Windows wani mataki na kariya, ko kuma, ga mai Windows Pro ko Education, ya bar VirtualBox ya yi amfani da Hyper-V ɗin kai tsaye, tunda yana cikin manhajarsa ba sai ya sauko da komai ba. Mai Windows Home ba shi da wannan zaɓi na biyu, amma yana iya gwada VMware Workstation Pro, wadda kamfaninta ya mayar kyauta a 2024.

Sai rabon RAM, inda son kai da rowa duka suke cutarwa. Wani yana da gigabait 8 sai ya ba baƙuwa 6 don ta yi sauri, ya manta cewa Windows ce ke ɗauke da ita. Mai masauki ya shaƙe, ya koma jibge abubuwa a faifai, su biyun su tsaya cak. Wani kuma ya bar ta a kan ɗan abin da manhajar ta zaɓa masa. A kwamfuta mai gigabait 8, a ba baƙuwa 3, in ya yi yawa 4, a bar sauran. Haka ƙwayoyin masarrafa: in huɗu ne a ba ta biyu. Faifanta a yi shi gigabait 25 ko 30, irin mai girma a hankali, wanda ba ya cin wuri sai gwargwadon abin da aka zuba masa. Ma'ajiyar hoton allo a ja ta zuwa megabait 128. Bayan an gama girkawa a saka ƙarin direbobin da VirtualBox ke kira Guest Additions. Kafin a saka su allon ƙarami ne, linzami na sarƙewa, kuma a nan da yawa suke yanke hukunci su tafi. Bayan an saka su tagar na bin girman allo, ana kwafo rubutu daga Windows a liƙa a Linux, ana kuma iya buɗe jaka ɗaya da su biyun suke gani.

Akwai kuma zaɓin irin Linux ɗin. Kowa Ubuntu ya sani, don haka kowa ita yake saukowa da ita. Ubuntu 24.04 ta tebur tana neman RAM gigabait 4 ita kaɗai, fuskarta ta GNOME tana son katin hoto mai kuzari, fayil ɗin girka ta kuma ya kusa gigabait 6, wanda ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa ba abin wasa ba ne. Linux Mint mai fuskar Xfce kusan rabin wannan girma ce, masu ita sun ce gigabait 2 na RAM zai tashe ta, kuma fasalinta ya yi kama da Windows ta yadda sabon shiga ba zai ɓace ba. Lubuntu ma haka take da sauƙi. Wanda ya ɗora Ubuntu a kan gigabait 2, babu Guest Additions, ga kunkuru a ƙasan taga, lalle zai fito ya rantse cewa VM ba ta aiki. Wanda ya ɗora Mint Xfce a kan gigabait 3, a laftof mai faifan SSD, zai buɗe burauza da tagar umarni da manhajar rubuta kod ya yi aikinsa ba tare da ya tuna a cikin taga yake ba.

Na ambaci SSD, kuma a nan ne zan ba Malam gaskiyarsa cikakkiya. Laftof mai RAM gigabait 4 da tsohon faifai mai juyawa ba za ta ji daɗin wannan tsari ba, ko me aka gyara. Windows kaɗai ta cinye fiye da rabin abin da ke akwai. Irin waɗannan kwamfutoci suna da yawa a hannun ɗalibanmu, ban musa ba. Amma ko a nan fomatin ba shi ne matakin farko ba. A zuba Linux a filashi a tayar da kwamfutar daga kansa, a yi yawo a ciki ba tare da an taɓa faifai ba, a gwada wayafai da sauti da kyamara da na'urar buga takarda. Wanda Linux ta wajen umarni kawai yake so, akwai WSL 2 da Microsoft ya fitar a 2020, wadda ita ma a ƙarƙashinta ƙaramar VM ce mai ɗauke da ƙwayar Linux ta gaske. In kuma akwai ɗan abin hannu, ƙara RAM zuwa gigabait 8 da sauya faifai zuwa SSD zai gyara kwamfutar gaba ɗayanta, ko da VM ko babu. Haka nan na yarda cewa mai aikin tace bidiyo mai nauyi, ko mai son koyon yadda Linux ke magana da ƙarfen kwamfuta, direbobi da batir da katin hoto, dole wata rana ya sauka kan ƙarfen. Batir ma ya fi saurin ƙarewa in manhajoji biyu na gudana lokaci guda, kuma inda wuta ba ta zama wannan abin lissafi ne.

Hujjar mai da hankali ita ce na fi jin ciwonta, domin ta ɗauka cewa tsoro ne ke koyar da mutum. Abin da nake gani a wajen masu koyo akasin haka ne. Wanda kwamfutarsa ɗaya tilo ta dogara da Linux ɗin da bai iya ba, ba ya taɓa komai. Yana tsoron fayilolin da ke jakar saituna, yana tsoron umarnin da ke buƙatar izinin shugaba, yana kwafo abin da ya gani a intanet yana addu'a. Bayan wata shida yana nan yana amfani da burauza kawai. Tela ba ya miƙa wa sabon yaronsa shaddar mutane ranar farko, takardar buhun siminti yake ba shi ya yanka ya ɗinka ya ɓata har hannunsa ya faɗa. VM na ba da wannan dama ta hanyar abin da ake kira hoton yanayi: kafin ka yi wani abu mai haɗari ka ɗauki hoton yadda kwamfutar take a wannan lokaci, ka shiga ka lalata tsarin tashi, ka goge jakar da bai kamata a goge ba, ka rikita izinin fayiloli, ka zauna ka yi ƙoƙarin gyarawa da kanka. In ya gagara, cikin daƙiƙoƙi ka komo inda kake, ka sake. Malamin da ya san aikinsa ma da gangan zai ɓata wa ɗalibi tsarin ya ce gyara. A laftof ɗin da furojet ke ciki ba mai hankalin da zai yarda a yi masa haka.

Su kuma masu raba faifai, abin da kan faru shi ne: don shiga Linux sai an rufe duk abin da ake yi, a kashe, a tayar, a zaɓa. Mako na farko ana yi da ɗoki. Daga baya sai a ce sai an gama wannan aikin na Word, sai gobe, sai jibi, har ɓangaren Linux ya zama gigabait hamsin da aka binne. Wanda tasa ke cikin taga kuwa yana iya buɗe ta na minti ashirin tsakanin lacca da lacca, darasin bidiyo a gefe ɗaya na allo, tagar umarni a ɗayan, ya ajiye ta a daidai inda ya tsaya ya ci gaba da dare.

Akwai ma abin da laftof ɗaya mai Linux kai tsaye ba za ta taɓa koyarwa ba sai ta koma ga VM ɗin. Aikin sabar aiki ne na kwamfutoci masu magana da juna. Debian marar fuska, umarni zalla, tana tashi lafiya da gigabait ɗaya ko ƙasa da haka. A laftof mai gigabait 8 ɗalibi na iya tayar da guda biyu ko uku, ya haɗa su a wata hanyar sadarwa ta cikin gida da ba ta fita waje, ya shiga ɗaya daga ɗaya ta SSH, ya mai da wannan sabar shafin intanet, waccan ma'ajiyar bayanai, ya kafa shingen tsaro a tsakaninsu ya ga abin da ya toshe. Masu koyon tsaron intanet ma haka suke yi: masu Kali Linux suna ba da ita a shirye don VirtualBox da VMware, akwai kuma kwamfutocin gwaji irin Metasploitable da aka bar su da rauni da gangan don a koyi kai hari da karewa a inda ba a taɓa haƙƙin kowa ba.

Ba zan bar wani ya fahimce ni a baibai ba, VM ba katangar ƙarfe ba ce. A 2015 an gano wani rauni da aka laƙaba wa suna VENOM a cikin kod ɗin QEMU, wanda zai iya ba mai kutse damar tsallakowa daga baƙuwa zuwa mai masauki, kuma ya shafi KVM da Xen da VirtualBox kafin a toshe shi. Irin wannan ba ya yawan faruwa, amma jakar da aka buɗe tsakanin su biyun ƙofa ce ta kullum: ƙwayar cutar da ke kulle fayiloli, in ta shiga baƙuwa, za ta iya kulle abin da ke cikin wannan jaka. Hoton yanayi kuma ba ajiyar kariya ba ne, tunda a faifai ɗaya yake zaune da komai, in faifan ya mutu sun tafi tare. Sannan Linux da ke cikin taga ba ta kare Windows 10 da ke ɗauke da ita. In mai masauki ya daina samun sabuntawar tsaro, yana nan a fili. Shirin ƙarin tallafi da Microsoft ya buɗe wa masu Windows 10 na gida na ɗan lokaci ne.

Wannan ya kawo mu inda nake ganin ni da Malam za mu iya haɗuwa. Ga laftof da ba za ta hau Windows 11 ba, makomarta mai kyau ita ce Linux a kan ƙarfe, kamar yadda ya ce. A ranar kuwa VM ba za ta tafi ba, juyawa kawai za ta yi: Linux ta zama mai masauki, Windows ta koma cikin taga ta hanyar KVM da virt-manager ko VirtualBox, a riƙa buɗe ta don CorelDRAW ko Word kaɗai, a yanke mata intanet in ba a buƙata, a kuma kula cewa lasisin da ya zo manne da laftof ba lallai ne ya bi ta ciki ba. Amma mai yin wannan ƙaura ya kamata ya zama wanda ya riga ya yi watanni yana ɓatawa yana gyarawa a cikin taga, ya san yadda ake raba faifai domin ya raba na kwaikwayo sau da yawa, ya kwashe kayansa zuwa wani faifai na waje ya buɗe su ya tabbatar suna nan, ya kuma gwada wayafai ɗinsa daga filashi.

Ga masu koyarwa a cibiyoyin kwamfuta da sassan jami'o'i, irin waɗanda nake kyautata zaton Malam na cikinsu, akwai hanyar da za ta rage wa ɗalibai wahala da kuɗin data gaba ɗaya. Malami ya kafa VM ɗaya da kyau, Mint Xfce da Guest Additions da duk manhajojin darasi a ciki, ya fitar da ita a matsayin fayil ɗaya na OVA, ya zuba a filashi tare da manhajar VirtualBox. Filashin ya zaga aji. Kowane ɗalibi ya shigo da fayil ɗin, ya daidaita RAM gwargwadon kwamfutarsa, kuma kowa na da tsari iri ɗaya da na malami, ta yadda in an ce a buga umarni kaza, abin da ya fito a allon gaba shi zai fito a na kowa. Darasin farko ya zama na shiga BIOS da neman koren kunkuru, waɗanda laftof ɗinsu ba ta kai ba a haɗa su da filashin tayarwa ko a zaunar da su biyu-biyu. Ina roƙon Malam, in zai rubuta kashi na biyu na maƙalarsa, ya fara da wannan, ya kuma janye kalmar fomatin daga shawarar da yake ba wanda bai taɓa ganin Linux ba.